Zama goma sha biyu a ɗakin maganin damuwa a Sakkwato: abin da na samu da abin da bai yi mini ba

Wani abokin aikina ne, malamin kimiyya a makarantar sakandaren da nake koyar da lissafi, ya tare ni a bakin ofishin malamai wata Laraba cikin Janairun 2024, ya ce, "Malam, wata uku ke nan ba ka zauna cin abinci da mu ba. Mi ya hwaru?" Na ce masa gajiya ce. Bai ja maganar ba. Ya yagi gefen takarda ya rubuta mini kwatancen wani wuri, ya ce wata 'yar'uwarsa ta je bayan ta haihu, kuma ta ji daɗin zuwan. Takardar nan ta yi mako uku a aljihuna kafin na je. Yanzu da na kammala zama goma sha biyu a wurin, na ga ya dace in faɗi yadda na same shi, daɗinsa da ɗacinsa, domin na san akwai irina da yawa a garin nan da suke kwana da dutse a ƙirji, ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Ba zan ambaci sunan wurin ba. Ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a cikin gari, kuma duk wanda aka gani ya nufi ɗakin da ke ƙarshen barandarsa an san abin da ya kawo shi. Ba na son in jawo wa masu zuwa ido.

Abin da ya kai ni albasa ce. A watan Maris na 2023 na karɓi rancen naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu a hannun yayan matata, na haɗa da ɗan abin da na tara, na sayi albasa a hannun manoma ta wajen Wurno, lokacin da take araha. Na zuba a rudu, wato ma'ajiyar albasa ta gargajiya da ake rufewa da ciyawa, da niyyar in fitar idan ta yi tsada wajen ƙarshen shekara, kamar yadda mutane da yawa suke yi. Ranar da na je dubawa cikin Agusta, tun daga nesa wari ya tarbe ni. Na ɗaga ciyawar na cusa hannu, yatsuna suka nutse cikin albasar kamar cikin tuwo mai laushi, ruwa baƙi yana bin gwiwar hannuna. Ruwan sama ya samu hanya ta gefe ɗaya, danshi ya gama da ita. Abin da muka tsince bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Asara ba baƙuwa ba ce ga ɗan kasuwa, kuma a makon farko na ɗauke ta kamar kowa, na ce haka Allah Ya so. Abin da ya biyo baya ne ban san shi ba. Sai in farka ƙarfe uku na dare, barci ya tafi ke nan, in yi ta juya magana ɗaya har a kira sallar asuba. Abinci ya fita a raina, wandona ya fara yi mini yawa. Na daina zama majalisar ƙofar masallacinmu, inda na shekara goma ina zama bayan la'asar. Idan wayar yayan matata ta shigo sai in kifa ta a kan katifa har ta gaji. A aji ina tsaye gaban allo, sai in manta layin da nake. Ƙaramar ɗiyata ta zo ta hau cinyata, in ji kamar ba ni ba ne a wurin. Inna ta ce iska ce ko an yi mini hannu, ta aiko da rubutu da hayaƙi, na sha na turara, domin ba na ƙin abin da ya fito daga hannunta. Na kuma sayi ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba, wadda take sa ni in tashi da kai kamar an ɗora mini tubali.

Abin da ya fi hana ni neman taimako shi ne kalmar nan da muke jefa wa juna tun muna yara: "sai Kware." Asibitin gwamnatin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke Kware wuri ne na magani kamar kowane asibiti, amma bakinmu ya mayar da sunan garin abin tsokana, har mutum ya gwammace ya narke a ɗaka da a ce an gan shi a hanyar. Ni ma haka nake gani. A tunanina mataki biyu ne kawai, ko kana lafiya ko ka haukace, babu komai a tsakani.

Ranar farko na isa da ƙarfe huɗu na yamma. Na biya naira dubu bakwai na buɗe kati da zaman farko, sauran zaman kuma dubu biyar-biyar. Mutumin da na gani kowa a wurin Dokta yake ce masa, ni ma haka na ci gaba da kiransa, amma tun kafin in gama zama ya gaya mini cewa shi masanin halayyar ɗan Adam ne, ba ya rubuta magani, aikinsa magana ce. Ɗakin babu gado, babu allura. Kujeru biyu ne da ɗan tebur a gefe, ba a tsakaninmu ba, da fanka a sama, da gorar ruwa. Ya rufe ƙofa ya ce duk abin da na faɗa a nan zai tsaya, sai fa idan ya ga raina ko ran wani yana cikin haɗari, to a nan dole ya nemi wanda zai taimaka, kuma zai gaya mini kafin ya yi. Na ji daɗin da ya faɗi iyakar tun farko, bai bari na gano ta daga baya ba.

Ya miƙo mini wata takarda mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9. Kowace tambaya tana neman ka faɗi sau nawa abu ya dame ka cikin mako biyun da suka wuce, daga sifili zuwa uku: rashin sha'awar komai, ƙuncin rai, barci, gajiya, cin abinci, ganin kanka a matsayin wanda ya gaza, rashin natsuwa, nauyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya, sai ta ƙarshe, tunanin gara ka mutu. Mafi yawan maki 27 ne. Na ci 19. A tambaya ta tara na tsaya da biro a hannu na daɗe. Bai kawar da kai ba, bai kuma yi salati ya zaro ido ba. Ya tambaye ni kai tsaye, cikin sanyin murya, ko na taɓa tunanin kashe kaina, ko na shirya wata hanya. Na ce ban shirya komai ba, amma sau da yawa nakan ji da a ce na kwanta ban tashi ba da iyalina sun huta. Wannan ne karo na farko da maganar ta fita daga bakina. Ya ce mini wannan tunanin yana cikin alamomin ciwon, mutane da yawa suna yin sa, kuma yana raguwa idan ciwon ya ragu. Muka rubuta sunayen mutum biyu da zan kira idan ya yi tsanani, ya ce idan dare ne kada in jira shi, a kai ni sashen gaggawa.

Da makin nan ya ce ba zai riƙe ni shi kaɗai ba. Ya tura ni ganin likitan ƙwaƙwalwa, aka yi mini gwajin jini don a tabbatar ba ƙarancin jini ba ne ko matsalar maƙoƙo, tunda su ma suna kawo kasala irin wannan. Likitan ya raba ni da ƙwayar kemis, ya rubuta mini maganin damuwa, ya gargaɗe ni cewa sai ya yi makonni kafin in ji aikinsa, kuma ko na warke zan ci gaba da sha wajen wata shida, ba a yanke shi rana ɗaya. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka magana kaɗai ta tashe ni. Biyun aka haɗa mini.

A zama na biyu ne ya yi mini bayanin hanyar da yake bi, wadda a taƙaice suke kira CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a. Ya ce wani likitan ƙwaƙwalwa ne a Amurka, Aaron Beck, ya kafa ta cikin shekarun 1960 a birnin Filadelfiya. A zamaninsa ana koyar da cewa ciwon damuwa fushi ne da mutum ya juya wa kansa. Beck ya shiga bincike don ya tabbatar da haka, sai ya tarar da wani abu daban: marasa lafiyarsa suna da wasu tunane-tunane masu faɗowa da kansu cikin ƙiftawar ido, ba a gayyace su ba, kuma kusan duka sun karkata gefe ɗaya. Ya ga suna zagaya abu uku, yadda mutum yake ganin kansa, yadda yake ganin duniya da mutanenta, da yadda yake ganin gobe. Dokta ya zana kusurwa uku a takarda ya ce in cika da bakina. A ta farko na rubuta "ni ba ni da amfani." A ta biyu, "kowa ya raina ni." A ta uku, "ba zan taɓa fita daga bashin nan ba." Ya juyo mini da takardar. Abin da wani ya rubuta a wata ƙasa tun kafin a haife ni, ga shi da rubutun hannuna, da Hausa. Jikina ya yi sanyi, amma wani irin sanyi ne na samun sauƙi, domin abin da na ɗauka asirina ne ni kaɗai ashe ciwo ne da aka san kamanninsa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi da kusan mutum miliyan 280.

Yadda ya bayyana mini aikin ciwon shi ne ya fi zauna mini. Ya ce abu yakan faru, sai tunani ya fassara shi, fassarar ta haifi yadda kake ji, yadda kake ji ya sa ka yi wani abu ko ka bar wani abu, abin da ka yi kuma ya dawo ya zama shaida ga tunanin farko. Ya ɗauki wayar surukina ya gwada mini. Waya ta yi ƙara. Tunani ya ce zai ci mutuncinka. Gaba ya faɗi. Ka ƙi ɗauka. Da dare tunani ya dawo ya ce, ka gani, ko waya ba ka iya ɗauka, matsoraci maci amana. Gobe ɗaukar ta fi jiya wuya. Ya ce albasa ta ruɓe sau ɗaya ne cikin Agusta, amma wannan zagayen yana ruɓar da ita sabuwa kowane dare. Na tambaye shi ko yana nufin ni na jawo wa kaina ciwon da mugun tunani. Ya ce a'a, kuma ya nanata. Gado yana da hannu, rashin barci yana da hannu, asarar gaskiya ce ba mafarki ba. Tunanin dai shi ne igiyar da ke riƙe mutum a ramin bayan ya faɗa, kuma ita ce igiyar da hannu yake iya kaiwa.

Aikin gida kuwa akwai shi, kuma wanda ba ya son aikin gida ya sani tun yanzu. Ya sa na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, na ja layuka: abin da ya faru, abin da ya faɗo mini a rai, kashi nawa cikin ɗari na yarda da shi, hujjar da ke goyon bayansa, hujjar da ke karya shi, sai maganar da ta fi kusa da gaskiya. Da na yi ƙorafin cewa ban san yadda zan yi gardama da zuciyata ba, sai ya tambaye ni, "Malam, a gaban alƙali wa ke kawo shaida?" Na ce mai da'awa. Ya ce to tunanin nan mai da'awa ne, ya shigo ya ce kai ba kowa ba ne, kai kuma wata shida kana yanke wa kanka hukunci ba ka taɓa ce masa ya kawo shaidunsa ba. Wannan ƙa'ida mun san ta tun muna zaure gaban malamai, hujja tana kan mai da'awa, amma ban taɓa tunanin za a yi amfani da ita a cikin ƙirjin mutum ba.

Bari in kawo shafi ɗaya daga littafin yadda yake. Ranar wata Asabar na dawo daga kasuwa a kan babur, na wuce majalisa na ɗaga hannu, ina wucewa aka fashe da dariya. Abin da ya faɗo: da ni suke, sun san na cinye kuɗin surukina. Yarda: kashi 90. Na shiga gida ban ci abincin dare ba. A layin hujjar goyon baya na rubuta "sun yi dariya bayan na wuce." Na nemi ta biyu na rasa. A layin da ke karyawa na rubuta cewa shekara goma ina zama a wurin, kuma babu yammacin da ba a yi dariya, da mai wucewa da babu. Dokta ya ce wannan shi ake kira karanta zuciyar mutane, ka yanke abin da ke ransu ba tare da sun faɗa ba. Mu da muke cewa zato zunubi, ga shi na mayar da zato abincina. Bai tsaya a takarda ba, ya ce in je in gwada, in zauna minti goma sha biyar kawai, in dawo masa da abin da na gani da idona. Na yi kwana huɗu ina ɗagawa. Ranar da na je, wani dattijo ya matsa mini a tabarma ya ce, "Malam, ina ka shige haka? Mun ɗauka ko an yi maka canjin wurin aiki." Biyu daga cikinsu ba su ma san na taɓa sayen albasa ba. Wani kuma da maganar ta taso ya ce shi ma tasa ta ruɓe a daminar nan, buhu sittin. Na koma gida na mayar da 90 ɗin nan 15.

Wani salon da ya kama ni da shi ya fi ba ni kunya a matsayina na malamin lissafi. Na zo masa ina cewa na gama lalacewa a koyarwa, yara bakwai sun faɗi gwajin da na yi. Ya ce su nawa ne a ajin? Na ce 45. Ya yi shiru yana kallona har na ji lissafin da kaina. Yara 38 sun ci, idona bai ga ko ɗaya ba. Ciwon yana aiki kamar rariya ce da ke zubar da gari ta riƙe tsakuwa. Akwai kuma na "kullum" da "ba a taɓa ba," inda kasuwa ɗaya da ta faɗi ta zama duk abin da na taɓa sai ya lalace. Akwai na ɗora wa kai komai, har ruwan saman Agusta ya zama laifina. A nan bai wanke ni tas ba, kuma na girmama shi a kan haka. Muka zana da'ira muka raba ta: kason ruwan sama, kason wanda ya gina rudun, kason rashin sanina da sana'ar, kason jinkirin zuwa dubawa. Nawa ya fito, kaso ne na gaske, amma ba da'irar duka ba.

Azumi ya same mu a tsakiyar aikin, cikin zafin Maris da Afrilu, sai muka mayar da zaman safiyar Asabar. A lokacin ne maganar addini ta taso, wadda nake ta tsoro. Na zaci zai ce mini in ajiye addu'a in kama kimiyya. Bai yi ba. Na kuma gaya masa abin da ban gaya wa kowa ba, cewa ina jin Allah Yana fushi da ni, kuma damuwar tawa shaida ce ta raunin imanina, tunda an sha gaya mini mai tawakkali ba ya shiga irin wannan hali. Ya ce shi ba malamin addini ba ne, ba zai ba ni fatawa ba, amma wannan ma da'awa ce, in kai ta wurin wanda ya sani. Na samu limaminmu bayan tarawihi. Ya tuna mini cewa shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana kiranta shekarar baƙin ciki a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Ya ce, "Wanga ba raunin imani ba ne, ɗana. Ka ci gaba da neman magani, ka ci gaba da addu'a." Na yi kuka a zauren nan, kuma na tashi da sauƙin da na daɗe ban ji ba.

Zama na takwas da na tara su ne mafi nauyi. Ya yi ta bin tunanin da tambaya ɗaya, idan haka ne, me hakan yake nufi a kanka, har muka iso ƙasan rijiyar: namijin da ya kasa riƙe amanar kuɗi ba namiji ba ne. Da wannan na tashi, a gidan mahaifin da bai taɓa cin bashin kowa ba, Allah Ya jiƙansa. Na fita daga zama na takwas ina jin ba zan dawo ba, kuma ina ganin ya kamata a ce ya gargaɗe ni tun kafin mu shiga cewa mutum yakan ji abin ya ƙara nauyi kafin ya sauka. Na dawo dai. A zama na tara ya zauna a matsayin yayan matata, na yi ta gwada abin da zan faɗa har bakina ya daina rawa. Bayan ƙaramar sallah na tafi gidansa da ƙafata. Bai tarbe ni da fara'a ba. Ya ce, "Kuɗin ba su ƙona mini rai ba kamar yadda ka daina ɗaukar wayata. Ni baƙo ne?" Na ba shi haƙuri. Muka yi yarjejeniyar naira dubu arba'in duk wata daga albashina.

Yanzu ga abin da bai yi mini daɗi a wurin ba, kuma ina fata masu shi su gyara. Sirrin da ake kiyayewa a cikin ɗaki ana zubar da shi a baranda. Benci ɗaya ne da masu jiran awon ciki da masu zazzaɓi, kuma mai karɓar kati takan ɗaga murya ta kira cikakken sunanka, ta ƙara da "ɗakin Dokta na ƙarshe." Ranar nan na haɗa ido da mahaifin wani ɗalibina. Lamba kawai za a ba mutum a kira shi da ita, ba abin da zai ci musu. Na biyu, takardun duka da Turanci suke. Ni na iya karantawa, amma na ga wata baiwar Allah da ɗanta matashi yake karanta mata tambayoyin nan tara a bainar jama'a. Wace uwa ce za ta gaya wa ɗanta gaskiya a tambaya ta tara? Dokta yana fassarawa da baki idan an shiga, kuma Hausarsa tsaf take, to me ya hana a buga ta a takarda, har da ajami don dattawa? Na uku, sau biyu aka ɗaga mini zama sai da na iso, ba waya ba saƙo. Ga mai lafiya wannan ɓata lokaci ne kawai. Ga wanda zuciyarsa ke gaya masa ba wanda ya damu da shi, rufaffiyar ƙofa shaida ce babba, kuma na farkon sai da ya cinye mini shafi guda a littafin. Idan an ɗauke wuta kuma ba kullum ake tayar da janareta don ɗakin ba, mun yi wani zama cikin Afrilu gumi yana ɗiga a kan takardar.

Sai kuɗi. Zama goma sha biyu sun ci mini naira dubu sittin da biyu, ban da magani da gwaji, ni da bashi ya kai ni wurin. Na iya ne don ina da albashi. Manomin da ya sayar mini da albasar ba zai iya ba. Kuma mutum ɗaya ne yake aikin, babu mace, alhali na san mata da yawa ba za su buɗe cikinsu ga namiji ba, wasu ma ba za a bar su su zo ba. Dokta da kansa ya ba ni labarin abin da aka yi a Zimbabuwe, inda wani likita, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna bi da su mataki-mataki wajen warware matsala, aka kuma gwada aka ga yana aiki. A can ciwon ma sunansa da harshensu yawan tunani. Muna da iyaye mata masu hankali a kowace unguwa, muna da malaman Islamiyya da mata suka yarda da su. Tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 mai kallon mara lafiya a matsayin mahaukacin da za a tsare. Ina jiran ranar da za ta sauko daga takarda ta iso asibitin unguwa.

Duk da haka, idan ɗan'uwana ya tambaye ni ko ya je, zan ce ya je, in ma raka shi. Ya dai san ba wurin da za a lallashe shi a ce komai zai yi daidai ba ne, kuma ba a biya wa kowa bashi a can. Dokta bai taɓa ce mini in yi tunani mai daɗi ba, cewa yake in yi tunani mai gaskiya, ko da gaskiyar ita ce ana bina kuɗi masu yawa kuma zan daɗe ina biya. Wanda kuma yake jin muryoyi, ko ya kwana uku ba barci yana ta zuba da kashe kuɗi, ko ya riga ya shirya cutar da kansa, wannan likita yake buƙata yau, ba jiran layin Asabar ba.

A zama na ƙarshe cikin Yuni ya sake ba ni takardar nan mai tambayoyi tara. Na ci 6. A ta tara na zagaye sifili ban tsaya ba. Muka rubuta a bangon littafin alamomina uku na farko, farkawar ƙarfe uku, kifa waya, da kauce wa majalisa, da abin da zan yi idan biyu suka haɗu a mako ɗaya. Na ba mai ɗakina ta karanta, don ta riga ni gani. Cikin Agusta, daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, na farka ƙarfe uku da warin albasar nan a hancina, tunanin ya zo da muryarsa ta da, ya ce ba abin da ya canza. Na kunna fitilar waya na jawo littafin daga ƙarƙashin matashi. A layin hujja na rubuta cewa na biya wata huɗu ban tsallake ko ɗaya ba, kuma jiya ni na kira yayan matata da kaina. Na rubuta kashi 30, na kashe fitilar. Kiran sallah ne ya tashe ni.